Abin da na tsinta kan saita gudun jirgi a simuleta

Jiya a majalisarmu ta Wunti muka sha hira kan Boeing 737 na Microsoft Flight Simulator, wasan kwaikwayon tuƙin jirgi a kwamfuta, don ni kam kullum na taso daga filin jirgin Bauchi sai gudu ya ƙwace min.

Abu na farko da suka ce, otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta, daban, na'urar da ke saita man inji da kanta daban. In ba ka kunna A/T ARM ba, wato makunnin na'urar man, ko ka murɗa 250 a akwatin gudu injin ba zai saurare ka ba. Kuma ƙasa da ƙafa 10,000 kar ka wuce not 250 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi).

Inda aka fi daɗewa shi ne V/S, wato saitin da kake sa ƙafa nawa jirgi zai hau ko ya sauka a minti. Wani yayanmu ya ce nan mutane ke kashe kansu, ka sa hawan ƙafa 4,000 a minti, injin ya ƙure ƙarfinsa, gudu na ta zubewa har jirgin ya kusa daina ɗaukar iska. Gara LVL CHG, saitin canza tsayi, shi hancin jirgin yake ɗagawa ko saukewa don ya riƙe gudun da ka sa.

Wajen sauka in ya ƙi rage gudu, ja birkin fiffike. Masu Airbus kuma ku bar libar mai a CL, wato matsayin hawa, ku daina taɓa ta haka kawai.