Lambobin NCDC da kullen Kano: korona ce ta kashe mutane ko zaman gidan?

Ɗan Kwari: Salam jama'a. Ni fa har gobe ina kan bakana, lambobin masu cutar nan da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Nijeriya, ta dinga sakowa kullum da daddare lokacin korona lissafin neman kuɗi ne kawai, kuma kullen da akai mana a Kano a 2020 ya fi cutar kanta ɓarna. Wajen sha ɗayan dare sai kaga an sako, Legas kaza Abuja kaza Kano kaza, mu dai a layinmu ba mu ga mutum ɗaya da aka nuna akace wannan ne mai koronar ba, amma shagon kowa a garƙame ga azumi ya kama babu ko sisi a aljihu. Mai hujja ya kawo ina saurare.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Alhaji maganarka biyu ce ka haɗe ta wuri ɗaya, bari in ɗauki ta lambobin tunda ita na fi sani. Lambar da kake gani da daddare ba adadin masu cutar bane, adadin waɗanda aka ɗebi majinarsu aka kai ɗakin gwaji sakamako ya nuna suna ɗauke da ita ne. Wanda ba a gwada ba baya ciki ko da a gaban kowa ya mutu. To Kano guda da miliyoyin mutanenta ɗakin gwaji ɗaya tal gare ta a farko, na asibitin Malam Aminu Kano, shi ɗin ma wajen 22 ga Afrilu aka dakatar da shi na kwanaki saboda wasu ma'aikatan sun kamu ga ƙarancin kayan aiki. A waɗancan kwanakin lambar Kano tsayawa tayi cak alhali a lokacin ne ake ta jana'iza a cikin gari. In kuɗi ake nema da lamba ai ƙara ta za ayi, tamu kuwa raguwa tayi ƙasa da gaskiya sosai.

Baban Goron Dutse: Hajiya ta faɗi gaskiya. Gidana kusa da maƙabartar Dandolo yake, ba labari aka bani ba. Ƙarshen Afrilun nan zuwa farkon Mayu makara ba ta hutawa, a sauke wannan a juya da ita a ɗauko wani. Masu haƙa tun asuba suke farawa su jera kaburbura kafin gawa ta iso saboda sun san za ta zo, tafin hannunsu duk ya fashe, ga ƙasa ta bushe tayi tauri ga rana, sai da matasan unguwa suka shiga kama musu da diga da shebur. Akwai ranar da ka sallaci gawa kafin ku gama shafa addu'a an shigo da wasu biyu. Tunda nake a unguwar ban taɓa ganin irinsa ba, kuma yawanci dattawa ne sa'o'ina da waɗanda suka girme ni.

Ɗan Kwari: Allah ya jiƙansu Baba. Ban ce ba a mutu ba ai, cewa nayi me ya kashe su. Duk shekara in bazara tayi zafi tsofaffi suna tafiya, ga azumi ya shigo 24 ga Afrilu, ga asibitocin kuɗi da yawa sun rufe ƙofa ko su ƙi karɓar mai zazzaɓi don tsoro. Mai hawan jini da mai ciwon suga ya rasa inda zai ga likita ya rasa abin hawan da zai kai shi, dole ya mutu a gida. Gwamnatin Kano da bakinta tace hawan jini ne da suga da sanƙarau da maleriya.

Malamin Lissafi: Eh ta faɗi haka a farko Alhaji amma ba nan maganar ta tsaya ba. Gwamnatin tarayya ta turo tawaga ƙarƙashin Dokta Nasiru Sani Gwarzo, kuma tunda mu ba ma ajiye gawa balle a bincike ta, sai suka bi gida gida suna tambayar iyalan mamatan yadda ciwon ya faro, akwai tari, akwai sarƙewar numfashi, kwana nawa yayi. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya fito da sakamako, mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni a ɗan tsakanin nan, lokacin da abin yayi tsanani ana rasa wajen 43 a rana, yawancinsu sun haura shekara 65, fiye da rabi a gida suka cika, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana danganta su da korona. To ka ɗauki rabin 979 kawai, kusan 500 kenan a 'yan makonni, sannan ka duba abin da NCDC ta rubuta wa Kano na mace-mace daga farkon annobar har ƙarshenta, bai kai 200 ba. Kaga lambar daren nan ba ta ko kama ƙafar abin da ya faru ba.

Ɗan Kwari: Yauwa Malam ka zo inda nake so. Rabi korona kace ko? To ɗaya rabin fa, wa ya kashe su? Su ne nawa. Su ne waɗanda kulle ya hana zuwa asibiti, su ne masu naƙuda da aka rasa ɗan sahun da zai ɗauke su cikin dare, su ne masu wankin ƙoda. Waɗannan wane allo aka taɓa sako su a kai?

Malamin Lissafi: A cikin rabin akwai waɗanda ko babu komai dama ana rasa irinsu kowane wata a gari kamar Kano, ba duka za ka ɗora wa kulle ba. Amma cewa wasu rashin asibiti ne ya kashe su wannan ban musa maka ba, kuma babu wanda ya ƙirga su.

Maman Yara: Ni dan Allah ku bar ni da lissafin nan in faɗi nawa. Ku masu albashi kuna kwance kuna jiran lamba a waya, mu lambar da muke jira ita ce mudu nawa ya rage a buhu. Maigidana ɗan sahu ne, abin da ya samo yau shi za a ci yau, ranar 16 ga Afrilu da daddare akace kowa ya shige gida na sati ɗaya, muka ce sati ɗaya ai da sauƙi, kafin mu farga ranar 27 Buhari ya ƙara sati biyu, daga nan kuma sai ƙari ake har sai farkon Yuli aka sake mu gaba ɗaya. Na sayar da zannuwana na aure, na sayar da keken ɗinkina wanda har yau ban mayar ba, akwai ranar da muka sha ruwa da kunun tsamiya babu suga yara suna kallon tukunya. Maƙociyata mai ƙosai da marayu huɗu sai da ta dinga bi gida gida da kwano bayan magariba, macen da ba ta taɓa roƙon kowa ba. Wlh in na tuna har yanzu zuciyata tafasa take.

Anti Nas: Maman yara Allah ya mayar miki da alheri, ba wanda zai ji wannan yace kullen an yi shi daidai. Ni a asibiti nake kuma ina cewa an yi zalunci a yadda aka aiwatar da shi. Abin da ya fi bani haushi ma sassaucin da akai, a kulle mutane kwana da kwanaki sannan ace Litinin da Alhamis ku fito daga ƙarfe goma zuwa huɗu, sai gari gaba ɗaya ya ɗure a 'Yankaba da 'Yan Lemo kafaɗa da kafaɗa kowa na rububin tumatir, takunkumin ma a haɓa yake. Duk abin da aka tare a kwana uku a awa shida za a watsa shi. Amma wannan laifin tsari ne, bai mayar da cutar ƙarya ba. Abokan aikinmu sun kamu, likitoci da dama a Kano sun kamu, na tsaya a kan dattijo yana jan numfashi kamar wanda aka danne wa ƙirji da buhun siminti ga iskar oksijin ba ta wadatar ba.

Ɗan Kwari: To Anti in gaskiya ce tsantsa me yasa waɗanda aka killace a Kwadon ta Gombe suka fito kan titi zanga-zanga a watan Mayu da ƙarfinsu suna cewa ba abinci ba magani? Mara lafiya ne ke tare hanya? Me yasa a jana'izar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa na lokacin, a Abuja manya suka cakuɗu ba tazara alhali mu an hana mu jam'i? Sannan a Oktoba bayan zanga-zangar EndSARS da aka fasa rumbuna a Jos da Legas da Kaduna me aka tarar, ba kayan tallafin korona bane jibge har wasu sun fara lalacewa? Ku kuce in yarda da lambar mutanen da suka ɓoye taliya.

Anti Nas: Na Gombe amsarsa mai sauƙi ce, mafi yawan masu ɗauke da cutar musamman matasa ba sa jin komai ko ɗan mura kawai, an killace su ne don kada su kai wa tsofaffinsu. Hasali ma shine haɗarinta, mai yaɗa ta garau yake yawo. Sauran biyun kuwa ba ni da bakin kare su.

Malamin Lissafi: Kuma ka raba masu rumbu da masu gwaji Alhaji, ba mutane ɗaya bane. Abba Kyarin da ka ambata ai cutar ce ta kashe shi ranar 17 ga Afrilu, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa guda. El-Rufa'i ya kamu, Bala Muhammad na Bauchi ya kamu. Saudiyya ta hana Umara ta taƙaita Hajjin 2020 ga 'yan tsirarun mazauna ƙasar, su ma kuɗin wa suke nema, su da suka yi asara? In kana neman inda aka yi wasa da lamba duba Kogi, inda gwamna yaƙi yarda a yi gwaji sosai, jiha guda ta ƙare da masu cutar biyar kacal a rubuce. Can ma ɓoyewa akai.

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum 'yan'uwa na Nijeriya, mu ma nan Nijar mun sha wannan gardama. An samu mai cutar na farko ranar 19 ga Maris, aka rufe masallatai aka killace Yamai aka sa dokar hana fita dare, har matasa suka yi bore a unguwar Lazare da kuma Mirya kusa da mu nan saboda hana jam'i. Abin da na lura da shi mutane ba lambar suke ƙi ba, wanda ya faɗe ta ne ba su yarda da shi ba. Ga iyaka a rufe, ɗan kasuwar da ya saba sauka Kano sayen kaya ya zauna hannu rabbana.

Malam na Zaure: Ina so in gyara abu ɗaya don kada a ɗauka killacewa baƙon abu ne a addini. Hadisi ya inganta cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas, da aka ce masa gudun ƙaddara kake yace muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Don haka yaran da suka dinga bin titi suna babu korona ba su da hujja. Amma shi Umar ɗin dai a shekarar yunwa ya ciyar da jama'a daga baitulmali har ya hana kansa cin mai. Shugaban da zai ce kada ka fita wajibinsa ne ya kawo maka abin da za ka ci. Sannan abin da aka yi wa almajirai ya tsaya min a rai, a tsakiyar annoba aka loda yara a motoci ana mayar da su jihohinsu, aka je Kaduna da Jigawa aka gwada aka samu da yawa ɗauke da ita, wato dokar da ta hana fita ita ce hukuma ta fara karyawa.

Ɗan Kwari: Allah ya saka Malam. Ku ƙara da wannan, hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta ƙasa ta ce a sati biyun farko na kullen da aka yi a wasu jihohi kafin namu na Kano jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta doka, lokacin kuwa waɗanda aka rubuta cutar ta kashe a duk Nijeriya ba su kai haka ba. Ni dai rabin maganata na nan daram, kullen ya ci rayuka kuma ba wanda ya biya mu asarar kakar sallah guda, kayan da muka saro don azumi a shago suka kwana har yayinsu ya wuce.

Anti Nas: Wannan rabin ina tare da kai a kai. Ɗaya rabin ne nake roƙonka ka daina yaɗawa, don gobe in sanƙarau ko mashaƙo ya ɓarke irin maganar nan ce ke sa uwa ta ɓoye ɗanta a ɗaki har sai ya galabaita, mun gani da idonmu lokacin mashaƙon 2023 a nan Kano.

Maman Yara: Ni tambaya ɗaya gare ni kafin in tashi ɗora girki. Duk mutanen gidan nan akwai wanda tallafin nan ya shigo hannunsa? Yayi magana dan Allah in ji.

Baban Goron Dutse: An kawo unguwarmu sau ɗaya 'yata, da aka zo rabo gida mai mutum goma sha wani abu ya tashi da kwano ɗaya na shinkafa da ƙullin mai, gidaje da yawa ma sunansu bai fito a takardar ba. Nawa na miƙa wa masu haƙa kabari.