Wasannin riƙe yara a mota daga Damagaram zuwa Yamai

Maman Nana, Birni: Assalamu alaikum ƴan zaure. Tafiya ce gabanmu zuwa Yamai da motar gida, da yara uku: mai shekara 3, mai 5 da mai 8. Wane wasa zai riƙe su? Ba na so in miƙa musu waya tun ba mu kai Takeita ba.

Malamar lakwal, Garin Malam: Wa alaikumus salam. Gara da kika ajiye waya gefe. Yaro in ya sunkuya yana kallon abu a cinyarsa, ido na ganin abin da ba ya motsi, cikin kunne kuma na jin mota na lilo da shi. Wannan saɓanin ne ke kawo jiri da amai, kuma ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12. Don haka littafi, kaye da bik duk hukuncinsu ɗaya da waya. Nemi wasan da ido ke waje, nesa. Mafi sauƙi ƙirga ne da maki: jaki 1, amalanke 2, raƙumi 5. Mai tagar dama da nasa, mai tagar hagu da nasa, wanda ya fara cika 20 ya ci. Kada a sa awaki da tumaki cikin lissafi, sun yi yawa, gardama za ta tashi a kan ko bakwai ne ko tara. Mai shekara 3 ba zai bi maki ba, shi launi za a ba shi: duk jar mota ya tafa sau ɗaya.

Direba, Zango: Malama ta faɗi daidai, sai ƙari biyu. Na tsakiya ba shi da taga, shi ne zai fara kuka. A naɗa shi alƙali mai riƙe maki a ka, a riƙa sauya wuri duk inda aka tsaya. Na biyu, wasan ƙirga yana sa yaro ya miƙe ko ya zura hannu waje yana nuni. Kafin a tashi a buɗe ƙofar baya, a gefenta kusa da makulli akwai ɗan maɓalli, in an tura shi ƙofar ba ta buɗuwa daga ciki. A kulle gilashin baya daga wajen direba, kowa da bel ɗinsa. Kuma a kafa doka: wanda ya yi ihu an zare masa maki 2. Ihu kwatsam a bayan direba ba ƙaramin abu ba ne a kwaltar da manyan motoci ke bi.

Hajiya Inna, Sabon Gari: Ƴata, tafiyar nan ta kusa kilomita 900, wuni ce cur, ƙirga ba zai kai ki Maradi ba sun gaji. Ki tanadi kacici-kacici kamar goma sha biyar a kanki, kada ki zube su gaba ɗaya, uku-uku za ki riƙa fiddawa. Fara da mai sauƙi: kulun kulufit, gauta. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya. Baba na ɗaka gemu na waje, wuta da hayaƙi. Ki ajiye wannan sai hanya ta miƙe sosai: rawanin baba ya faskara naɗewa. In sun kasa, ki ce su duba gabansu da kyau. Inda daɗin yake shi ne ba da gari. Wanda ya kasa, garin da zai ba ki dole ya zama na kan hanyar nan wanda ba a wuce ba tukuna: Tasawa, Gazawa, Maradi, Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Konni, Dogon Dutsi, Dosso. Ba a maimaita gari. Kafin ku isa babban ya haddace jerin, ƙananan kuma sun daina tambayar yaushe za mu kai, sai dai wane gari ya rage. Ki hana mai shekara takwas ɗin amsawa sai ƙannensa sun gwada sau biyu, in ba haka ba shi zai cinye duka, su kuma su yi fushi.

Maman Nana, Birni: Na gode Inna. Tatsuniya fa? An ce ba a yi da rana.

Hajiya Inna, Sabon Gari: Haka muka taras, ni kuwa zan ce ki bar ta don wani dalilin daban. Bayan la'asar ne yara ke fi ƙosawa, lokacin nan kike bukatar abin da ya fi komai ƙarfi. In kin ɓatar da Gizo da Ƙoƙi da hantsi, me za ki fiddo da magariba?

Baban Sani, Karkada: Na shekara 8 zai raina wasan launi. A ba shi harafi: a ce B, ya kawo sunan mutum, gari, dabba da abinci kafin a ƙirga goma. Bintu, Bande, biri, burabusko. A guje wa Ƙ da Ɗ da farko, garuruwansu ba su da yawa a bakin yaro. Akwai kuma farautar abin da aka yi alkawari tun daga gida: tarin albasa a Galmi, masana'antar siminti a Malbaza, dutsen Dogon Dutsi. Tsakanin Dosso da Yamai, wajen Kure, akwai raƙuman dawa, wani lokaci a kan hango su daga kwalta. Ki ce musu wataƙila, kada ki ce tabbas, musamman in duhu zai riske ku kafin can. Lokacin hazo ma duk wasan hange yana mutuwa, sai a koma na baki, irin su da kwaɗo da ƙato suka tafi ƙoto, a faɗa sau uku ba tuntuɓe.

Ma'aikaciyar jinya, Birni: Abu ɗaya nake roƙo, kada ladan cin wasa ya zama gyaɗa, aya, dabino mai ƙwallo ko alewa mai tauri ga mai shekara 3. Mota ta faɗa rami ko ta hau tudun rage gudu yana dariya, sai ta shaƙe shi, ke kuma kina gaba ba ki gani. Irin waɗannan a ci su a tsaye. Lada ya zama zaɓi: wanda ya ci shi zai zaɓi wasa na gaba. Kafin tashi abinci kaɗan mara mai da yawa, kunu da burodi sun isa. Kowane yaro da gorar ruwansa, kurɓi-kurɓi. Leda uku da kayan sauyi a hannu, ba cikin but ba. In yaro ya yi shiru, yana hamma, gumi mai sanyi ya karyo masa, amai ne tafe: a dakatar da wasa, a ba shi iska, ya kalli gaba can nesa, a nemi wuri a tsaya.

Direba, Zango: Tsayawa duk awa biyu, minti goma, nesa da bakin kwalta, su yi tsere zuwa wata bishiya su dawo. Ko barci yaro yake a fito da shi, ba a barinsa cikin rufaffiyar mota a zafin ranar nan ko na minti biyar. In kun tashi bayan sallar asuba, awa biyun farko barci za su yi, kada a tashe su don wasa. Ki fara ƙirga daga Tasawa.