Neman kalmar Hausa: me za mu kira "palliative care"?

'Yar Tudun Wada: Assalamu alaikum, malamaina. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Zariya, kuma an gayyace ni gidan rediyo ranar Asabar ta biyu a watan Oktoba, wadda ake keɓewa duk shekara domin abin da Turawa ke kira palliative care. Dole in miƙa rubutun shirin kafin Alhamis. Aikin na san shi, sunansa ne ya gagare ni. Shi ne kulawar da muke yi wa wanda cutarsa ta fi ƙarfin magani, kamar sankarar da ta bazu a jiki. Mukan ba shi morfin duk bayan awa huɗu don kada zogi ya dawo, mu riƙa juya shi saboda gyambon kwanciya, mu jiƙa auduga mu shafa masa a leɓe idan haɗiya ta gagara, sannan mu zauna da danginsa. Na rubuta "jinyar ajali", amma hankalina bai kwanta da ita ba.

Malam na Kwarbai: Wa alaikumus salam. Gara da bai kwanta ba, 'yata, domin ajali Allah kaɗai Ya san shi, kuma Bahaushe ba ya cewa ciwon ajali ne sai an dawo daga maƙabarta. Idan kika faɗi haka a rediyo, gobe dangi za su zo su ce a sallami ɗan'uwansu, tunda asibiti ta riga ta yanke masa hukunci. "Jinyar ƙarshe" ma ba ta tsira daga wannan aibin ba.

Malamin Hausa, Kongo: Sai mu koma ga tushe. Kalmar ta samo asali daga pallium na Latin, wato mayafi ko alkyabba, kuma wani likita ɗan Kanada, Balfour Mount, shi ya raɗa wa aikin wannan suna a Montreal cikin shekarun 1970, saboda kalmar hospice, da Turawa ke kiran gidan kula da masu gargara da ita, tana nufin gidan gajiyayyu a kunnen masu jin Faransanci. Tunda ma'anar ita ce a rufe ciwon da ba a iya cirewa, ni na ƙirƙiro "jinyar lulluɓi", kuma ban ga wadda za ta fi ta ba.

'Yar Tudun Wada: Allah gafarta malam, na gode, sai dai a ɗakin marasa lafiya lulluɓi abu ɗaya yake nufi. Na taɓa jan zanen gado har zuwa haɓar wani dattijo saboda sanyin asuba, matarsa ta hango daga bakin ƙofa ta fashe da salati, alhali barci kawai yake yi.

Malamin Hausa, Kongo: Amarya ma ana yi mata lulluɓi, ba wanda ya ce ta mutu. Kalma sabo take bukata, kuma ina nan a kan bakana.

Ƙaramin Likita, Shika: Da girmamawa, me zai hana mu ce "faliyetib" mu huta? Asibiti da likita da nas duk aro ne, kuma babu tsohuwar da ba ta san su ba.

Tsohon Edita: Yaro, a garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, inda su Abubakar Imam suka zauna suka tace Hausar da kake karantawa, a nan za ka ce mu miƙa wuya ga "faliyetib"? Aro yana halatta idan babu, amma ba a zuwa aron tabarma alhali akwai ta a kuryar ɗaki.

Bakano Mazaunin Sabon Gari: Ranka ya daɗe, a Zariya aka buga, amma a kan Kananci aka gina daidaitacciyar Hausa. Mutanen da ke cewa "yarinya ya zo" su yi haƙuri da yi mana hukuncin kalma.

Malam na Kwarbai: Haba jama'a, baiwar Allah tana da Alhamis a gabanta. Idan an je gaishe da marar lafiya akan ce ya samu rangwame, ko da bai warke ba, don haka a duba "jinyar rangwame".

Ƙaramin Likita, Shika: Malam, wanda ya ji rangwame a rediyo zai zaci an rage kuɗin gado ne, ya zo da katinsa ranar Litinin. Na janye tawa, na kawo "jinyar sassauci". Tana da wata fa'ida kuma, domin ba ta ambaci mutuwa ba, kuma tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ana iya fara wannan kulawa da wuri, tare da maganin cutar, tun kafin a kai gargara.

'Yar Tudun Wada: Wannan ta fi zauna mini. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan kula da masu gargara na St Christopher a Landan a 1967, ita ma da aikin nas ta fara kafin ta zama likita, kuma ta koyar da cewa raɗaɗin mai gargara ya haɗa na jiki da na zuciya da damuwar iyali da ta imani. Sassauci yana iya ɗaukar su duka. Zan ce "jinyar sassauci", in bi ta da bayani.

Tsohon Edita: Ba ta yi mini daɗin baki ba, amma Hausa ce. Ki dai kula da "majinyaci" a cikin rubutun, domin wasu marar lafiyar suke nufi da ita, wasu kuma mai kula da shi.

Malamin Hausa, Kongo: Ku yi abin da kuka ga dama. Ni a ajina "jinyar lulluɓi" zan ci gaba da koyarwa.