Abin da na tsinta kan ɗinkin yadi mai roba

Wallahi hirar da muka yi da teloli kan yadin nan mai roba ta amfane ni sosai. Ba irin na rigar sanyi ko shimi ake nufi ba fa, yadi ne na saƙa kamar kowanne sai dai an cakuɗa masa zaren roba da ake kira Lycra kaɗan, galibi kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, shi ya sa yake talewa, kuma yawanci ta faɗi yake ja ba ta tsawo ba. To ka fara jan shi ka gane ɓangaren da yake talewa, wannan ɓangaren shi zai zagaye jiki.

Kusan kowa ya ce a wanke shi kafin a yanka don yana tsukewa, a bar shi ya huta a tebur kar ya yi reto.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne ɗinki, wasu sun ce miƙaƙƙe ya isa, wasu suka ce zigzag siriri a kugu da kwankwaso in ba haka ba zare ya tsinke da an zauna, ni dai ina bayan na biyun. Zaren poliyesta, sabuwar allura lamba 75 ko 80, kuma don Allah kar ka ja yadin yana ƙarƙashin keke, ɗinkin zai yi tudu-tudu. Wajen zif da bakin aljihu a manna gam siriri, wato ƙyallen nan mai ɗanko da ake liƙawa ta ciki don ya ƙarfafa wurin. Guga kuma wuta kaɗan, zafi na kashe robar.