Shawarwarin masu gyara kan saita lokacin kwamfuta

Masu gyaran kwamfuta a Maraɗi sun tattauna kan na'urorin gwanjo da ke zuwa da lokacin Turai. Bakinsu ya zo ɗaya: kada a tura agogo da hannu, yankin lokacin za a sauya. Nijar tana gaban GMT (ma'aunin lokaci na duniya, wanda kwamfuta ke kira UTC) da awa 1, rani da damina. A Windows a zaɓi yankin Afirka mai UTC+01:00, a Linux kuwa a buɗe wurin rubuta umarni (terminal) a rubuta sudo timedatectl set-timezone Africa/Niamey.

Sun fi jan kunne kan zaɓar yankin lokacin Paris, kuma da gaskiyarsu. Da sanyi lokacinmu da na Faransa ɗaya ne, amma ƙarshen Maris sai Faransa ta ƙara awa har ƙarshen Oktoba, kwamfutarka ta bi ta. In kuwa agogo yana rikicewa duk lokacin da aka kashe na'ura, ƙaramin batirin ciki ne ya mutu, a sake shi.