Birni ko Ƙauye, Tudu ko Gaɓa: Musayar Baitoci

Ɗan Kwalta:
Na yi sallama, ku ba ni fili,
In yabi birni bisa dalili,
Asibiti kusa, fitilu na walwali,
Ƙauye kuwa rana ta faɗi sai kwantawa.

Wajen 2007 masana suka ƙidaya,
Rabin mutanen da ke cikin duniya
Birni suke zaune, babu jayayya,
Wa ke gudun daɗi in ban da wawa?

Baba Mai Garma:
Yaro, sannu da ƙoƙari, na ji ka,
Fitila dai ba ta cika tumbinka,
Abin da ka ci da safe a kwanonka,
Wanda ka kira baƙauye ne ke nomawa.

Ka tuna Landan a Disambar 1952,
Hayaƙin kwal da hazo suka haɗu su biyu,
Kwana 5 aka yi numfashi bai yiwu,
Aƙalla mutum 4,000 aka kai kushewa.

Ɗan Kwalta:
Ranka ya daɗe Baba, ban musa ba,
Amma hayaƙin ai bai dawwama ba,
A 1956 suka kafa doka, ba su yi sake ba,
Birni in ya kamu da ciwo yana neman warkewa.

Mai naƙuda fa a ƙauye tsakar dare,
Ruwa ya ci hanya, gada ta tsare,
Likita na nesa, dangi sun taru a zaure,
Iskar da kake yabo ba ta karɓar haihuwa.

'Yar Bakin Teku:
Ku biyun nan kun cika gardama,
Ni gaɓar teku ta fi mini dama,
Jirage na sauke kaya, ana ta hidima,
Inda ruwa yake, nan arziki ke sauka da tsayawa.

Ɗan Tsauni:
Yaya, a yi hattara da gaɓar nan,
Jakarta ta Indunusiya na nutsewa a zamanin nan,
Sun zuƙe ruwan ƙasa da burtsatsen nan,
Ƙasa na lotsawa, teku na matsowa.

Har a 2022 Indunusiya ta yi doka,
A ɗauke babban birni daga Jakarta, a tsibirin Borneo a girka,
Ni tudu na zaɓa, ko damina ta sauka,
Ambaliya dai ba ta iya hawa.

'Yar Bakin Teku:
Ƙanena, hau tudunka amma da lura,
La Paz ta Bolibiya misali ce ƙarara,
Mita 3,600 a sama, huhu har yana ƙara,
Baƙo ya ɗan taka sai ya nemi zaunawa.

Malama Mai Alli:
Ni abin da na ƙi shi ne rashin adalci,
Wai duk baƙauye sai gidadanci,
Wai duk ɗan birni sai zamba da ha'inci,
Wai maƙwabci ya kwanta ciwo ba mai leƙawa.

Manomin yau na duba farashi a wayarsa,
Mai gadin birni kuwa, da an biya albashinsa,
Gida yake aikawa ga uwa da ƙannensa,
To su waye 'yan birnin da ake ta zargawa?

Da korona ta kulle Indiya a Maris ɗin 2020,
Aka tsai da jirgin ƙasa da sauran sufurin,
'Yan ci-rani suka bar Delhi a ƙafa, ba wani guzurin,
Ƙauyen da suka baro shi suka nufa komawa.

Baba Mai Garma:
Allah ya yi miki albarka, 'yata, kin faɗa,
Kai kuma yaro, ba da faɗa ba, a raɗa,
Kakanka a wane bene aka yanke masa cibiya, faɗa!

Ɗan Kwalta:
A bukka ne Baba, ban ɓoye ba,
Amma a Japan ƙauyuka tsofaffi aka bar wa, ba yara ba,
Makarantu na rufewa don ba a samu ɗalibai ba,
Kai ma samarin gidanka, nawa suka rage suna nomawa?