Ɗana ya rame tun da na yaye shi, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana. Ina zaune a Rigasa. Ɗana watansa 14, na yaye shi yana wata 11 saboda na samu ciki, surukata ta ce nonon mai ciki zai lalata masa ciki. Tun daga nan yake ramewa. Wandon da na ɗinka masa da Sallah yanzu sai na ɗaure da igiya, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ga zawo yana zuwa yana komawa. Kunun gero da sukari nake ba shi, da safe shayi da biredi, tuwo kuwa loma biyu ya kau da kai. Wasu sun ce haƙori ne, wasu sun ce a yi masa rubutu. Maigidana Keke Napep yake tuƙawa, ba mu da ƙarfin madarar gwangwani. Wallahi da dare sai in zauna ina kallonsa ina kuka. Me zan yi?

Ma'aikaciyar lafiya, Kawo:
Ƙanwata, share hawayenki, amma gobe da safe ki goya shi zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ke. Haƙori ba ya sa gashi ja. Abin da kika lissafa alamun tamowa ne, kuma tana warkewa. Za su auna damtsensa da wani ɗan tef mai launi uku. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Ruwan ɗorawa, 11.5 zuwa 12.5, matsakaiciya ce. Tun yau ki danna saman ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku ki ɗaga. In wurin ya lotsa bai taso ba, ko ya ƙi cin komai, ko ya yi laƙwas, kada ki jira gari ya waye.
Mai tsanani ana ba shi abincin nan na gyaɗa da madara a ɗan leda, RUTF. Kyauta ne, kuma magani ne, nasa shi kaɗai. Na sha ganin uwa ta raba wa yayyensa don tausayi, sati ya zagayo sikeli bai motsa ba. Zawon kuma ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc, ita ƙwayar kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. Ki tafi da katin rigakafinsa a duba ko ya samu bitamin A da maganin tsutsar ciki.

Hajiya, Tudun Wada:
'Yata, kunu zalla ruwa ne, yana cika ciki ba ya gina jiki. Ga abin da na raini jikokina da shi, yanzu har a asibiti suna koyarwa, suna ce masa Tom Brown. Gero ko dawa gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1. Ki jiƙa waken suyan, ki murje ɓawon, ki shanya ya bushe ƙarau, sannan ki soya kowanne daban a tukunya har ƙamshi ya tashi. Waken in bai soyu ba shi ke kawo kumburin ciki. Gyaɗa ki tsince duk mai baƙi ko fumfuna ki zubar. Ki haɗa ki kai inji. In za ki dama, ki yi shi da kauri, yadda in kin karkata cokali ba zai zube ba, ki ɗiga masa manja kaɗan. In kin shiga Kasuwar Bacci ki sayi busasshen kifi ko na ɗari biyu ne, ki daka ki tankaɗe, ki riƙa barbaɗa masa a miyar kuka ko ta kabewa. Zogale ma a inuwa ake shanya shi.

Maman Biyu:
Allah ya ba shi lafiya. Amma ƙwai a gidanmu ba a ba yaro, an ce yana sa sata.

Ma'aikaciyar lafiya, Kawo:
Maman Biyu, camfi ne. Daga wata 6 ana ba yaro dafaffen ƙwai, kuma yana cikin mafi arhar abin da ke gina jiki. In ba hali, awara da wake da aka dafa suka yi luguf ma suna yi. Shayin nan ne ma ya kamata a ajiye, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini.

Wani uba daga Unguwar Rimi:
Ni da maigidan zan yi magana. Ɗan'uwa, na san halin da ake ciki da tsadar fetur, amma tsokar da ake ajiye maka a kwano yaron ya fi ka bukatarta. Kai ka kai su asibitin da kekenka, kuma kai za ka yi wa Mama bayani cikin ladabi, ba matarka ba. Alƙur'ani ma shekara biyu cikakku ya ambata na shayarwa.

Malama, Badarawa:
Nawa ma ya yi ƙin cin nan. Abin da ya taimake ni: na ware masa ɗan kwanonsa, don a kwano ɗaya yayyensa ke cinyewa ya tashi da loma uku. Sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan marmari a tsakani, ayaba ko gwanda. Ki zauna da shi, ki wanke hannunki da nasa da sabulu, kada ki yi masa ɗura. Ke ma ki fara zuwa awo, ki riƙa shan ƙwayar ƙarin jini. Wanda ke tafe kuma nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun je yau, babansa ne ya kai mu. Ƙafar ba ta lotsa ba, amma tef ɗin ya nuna ja. Sun gwada shi da ledar a gabansu ya sha kusan rabi, sun ba mu na sati, mu koma ranar Talata. Hajiya, waken suyan awa nawa zan jiƙa shi?